Garin da Kawu Ya Bayar

Aikina na farko a duniya koyar da manya karatun boko ne, a ƙauyenmu da ke cikin fadama tsakanin Auyo da Hadeja, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu ya nasu su tafi. Ban cika ashirin ba. Aka ba ni baƙin allo da kwalin alli da fensira da 'yan littattafan koyon baƙaƙe, aka ce in je in tara magidanta. Tun a ofis aka gaya mini sharaɗi. Ƙarshen damina mai duba ajujuwa zai zo. In ya sami mutum goma da kowannensu zai iya rubuta layi guda da hannunsa, aji ya zauna. In bai samu ba, a ɗauke allon a kai wani gari, ni kuma in san inda dare ya yi mini.

Mako guda na yi ina zama ni kaɗai a rumfar kaba da ke gefen masallaci, daga la'asar zuwa dab da magariba, ina goge allon da ba a rubuta komai a kansa ba. Masu wucewa su yi mini sannu da aiki, su wuce suna dariya ƙasa-ƙasa. Ran na takwas kawuna ya zo ya shimfiɗa buzunsa a gaba. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Masunci ne, kuma a ƙauyenmu ba a shiga tafki da taru sai ya ce a shiga. Ba son boko ya kawo shi ba, ya ma faɗi haka a gaban kowa. Ya ce ba zai iya zuba ido ɗan ƙanwarsa ya zama abin nuni ba ne kawai. Washegari mutum goma sha shida suka biyo shi, har da Bulama, mai garinmu.

Sai dai kawu ya zo da nasa sharaɗin, ko da yake bai furta ba. Zai zauna, zai saurara, zai maimaita baƙaƙe da babbar murya har ya danne ta kowa. Cikin wata biyu ya san su duka da ido, in na nuna da tsinke shi ke riga kowa faɗa. Amma fensir, ko da wasa. In na miƙa masa sai ya cusa hannuwansa cikin riga.

"Hannun nan na taru ne, Malam," haka yake cewa. A aji kaɗai yake ce mini Malam, yana kuma jan kalmar yadda kowa zai gane ba har zuci ba ne. A gida ni "ɗan nan" ne.

Na yi lallashi, na yi fushi, na sa mahaifiyata ta sa baki, ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi. Sai da na manyanta na gane dalili. Rabin mutanen da ke rumfar shi ya koya musu hawa gora a ruwa da jefa ragar homa, ba zai yarda su ga hannunsa yana rawa a kan takarda ba. A lokacin taurin kai kawai nake gani. Na ƙirga mutanena, na ga ko babu shi zan iya haɗa goma in aka dage, na rabu da shi.

Duk mako ana aiko wa ajinmu da jaridar Hausa guda ɗaya. Jirgin ƙasa ke sauke ta a Malam Madori, mota ta kawo ta Hadeja, daga nan wani mai keke ya raba wa ƙauyuka. Ran da ta zo nakan karanta musu labarai kafin mu shiga darasi. A tsakiyar daminar nan sai na ga sabon abu a shafin baya: wani zane mai gidaje-gidaje kamar gurbin dara, wasu farare wasu baƙaƙe, ƙarƙashinsa kuma jerin tambayoyi. Kowace amsa a rubuta ta cikin gidajen, baƙi ɗaya gida ɗaya, wasu a kwance wasu a tsaye, su ratsa juna. Liman ya leƙo ta kafaɗata ya tambaye ni hatimin mene ne wannan, wane malami ne kuma ya yarda aka buga masa asiri a jarida. Na ce masa wasa ƙwaƙwalwa ne, na ninke jaridar na sa a aljihu. Nufina in warware shi ni kaɗai, in zo in nuna musu amfanin makaranta.

Ƙananan tambayoyin ba su ba ni wahala ba. Amma akwai guda biyar da aka sa wa tauraro, aka kuma rubuta a sama cewa masu tauraro wuri ɗaya ake samunsu. Har yau ina iya kawo su da ka, don sun ci mini rai. Ta farko: mai gemu, ba malami ba, ba dattijo ba, gida bakwai. Ta biyu: kwanciya ƙarƙashin ƙasa da rani, yawo da damina, gida biyar. Ta uku: wanda ya gaisa da ita sau ɗaya ba ya ƙara miƙa mata hannu, gida takwas. Ta huɗu: ka taɓa shi ya kumbura, ba kuwa ciwo ba ne, gida goma. Ta biyar: ya fi su duka sanin ruwa, amma ba a taɓa yin bandarsa ba, gida bakwai.

Ta farko na rubuta bunsuru, ya shiga gidajensa daidai, na ji kaina ya yi girma. Ta biyu na rubuta kwaɗo, shi ma ya shiga. Daga nan komai ya cije. Kalmomin da ya kamata su ratsa su suka ƙi zama, sauran ukun kuma ko ƙamshinsu ban ji ba. Kwana biyu ina gogewa ina sakewa har takardar ta fara hujewa, ina tambayar kaina wane wuri ne a duniya bunsuru da kwaɗo suke zama tare.

Ran na uku da hantsi ina zaune a bayan gida, kusa da inda kawu yake banda, ashe a fili nake gunagunin.

"Kai ɗan nan, da wa kake faɗa tun ɗazu?"

"Ba kowa, Kawu. Wani abu ne na masu ilmi."

"To karanto, ko jahili ma ya sha labari."

Na karanta masa ne don in rufe masa baki. Bai ko ɗago ba, yana juya kifi a kan waya, hayaƙi na shiga idonsa. Da na gama ya ce in sake. Na sake. Sai ya ajiye itacen hannunsa ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya daɗe yana jinya.

"Ashe kacici-kacici ne. Shi ne ka kwana biyu kana ɗaure wa mutane fuska? Wa ya koya maka amsa su ɗaya-ɗaya? Mai ba da kacici-kacici in ya shiga daji, a daji yake zama sai ya ƙare dabbobin da ya sani. In ya shiga madafi, a nan zai yi ta juyi tsakanin tukunya da muciya. Ba ya tsalle daga garken awaki ya faɗa kududdufi. Ka fara gano inda mutum ya kafa ƙafarsa tukuna. Na biyar ɗin nan ya ce ruwa, ya ce banda. Mutumin nan a kogi yake tsaye. Fitar da bunsurunka."

Ya sa hannu a kwando ya ɗago wata ƙatuwar tarwaɗa, ya kaɗa mini gemunta a fuska. Na ƙirga baƙaƙenta a yatsu, bakwai cif. Ya ce ta biyu gaiwa ce, wadda muke haƙowa a busasshen tabo da bazara. Ta uku kuwa sai da ya yi dariya har ya yi tari kafin ya faɗa, don ya tuna ranar da na kama minjirya ina ɗan shekara bakwai, ta girgiza ni, na ruga gida ina ihu wai aljani ya riƙe mini hannu. Ta huɗu talibambam, kifin nan mai cika ciki da iska in an taɓa shi. Ina rubuta su, kalmomin da suka ƙi zama kwana biyu suka riƙa shiga da kansu. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, kunyar ta fi yawa.

"Saura ta biyar," na ce.

Ya koma kan kifinsa. Can ya ce in bar masa ita ya kwana da ita.

A nan na tafka kuskuren da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce a raina tunda abin ya ja hankalin kawu, zai ja na saura, sai na zana gidajen nan duka a rabin allo na kai aji. Ranar farko abin ya yi kyau ƙwarai. Har waɗanda suka fara ja da baya suka dawo, rumfa ta cika, magidanta masu furfura suna ƙirga baƙaƙe a yatsu suna musu. Ban lura ba cewa allin a hannuna yake. Su nasu ihu ne kawai, ni ke rubutu.

Kafin magariba an cike komai, saura layi ɗaya. Kalmomin da suka ratsa shi sun ba mu baƙi biyu: na biyu "a" ne, na ƙarshe "i". Aka ce kada, ya yi gajere. Aka ce dorina, aka ce ayu, duk ba su cika ba. Kunkuru ya cika gida bakwai amma bai dace da baƙaƙen ba. Akwai wani Babarbare mai fataucin banda a cikinmu, kakanninsa daga bakin Chadi suka zo, ya shiga jero sunayen kifaye da harshensu yana rantsuwa duk akwai su. Na ce masa don Allah ya yi haƙuri, jaridar ta Hausa ce. Kawu yana zaune ya kafa wa allon ido.

Da na ga lokaci na tafiya sai na ce su kwantar da hankalinsu, amsar za ta fito a jaridar mako mai zuwa, yanzu kowa ya ɗauko fensirinsa.

"Ta fito wa wa?" in ji kawu. "Wa ya ba mai tambayar gari?"

Kowa ya san yadda ake yi. In kacici-kacici ya gagare ka sai ka ce ka ba da gari, mai tambaya ya karɓa, ya shiga garin da baki, ya ci ya sha ya yi ado, sannan ya faɗa maka amsa. A ko'ina wasa ne, ban da wurin kawu. Tun yana saurayi, a sansanin su inda masunta ke haɗuwa daga garuruwa, an san shi da cewa bai taɓa ba da gari ba. Mutane sun fi tuna masa wannan a kan manyan kifayen da ya kama.

"Mutum ya leƙa amsa bai ba da gari ba, ai sata ya yi," ya ce. "Ba da ni ba."

"Kawu, mutumin nan bai ma san da mu ba. Duk ƙasar Arewa ya rubuta wa."

"Shi ya sa ya ɓuya a bayan takarda, Malam. Mai gaskiya zama yake a gabanka ya ba ka, ka ga idonsa."

Na ce a raina jarida dai za ta zo, in karanta da ƙarfi ko yana so ko ba ya so, a wuce wurin. Cikin makon nan kogi ya kawo. Ruwa ya shafe hanyoyin ƙafa, ya kewaye ƙauyen, shinkafa ta miƙe a cikinsa. Mai keke ya daina zuwa, tunda keke ba ya iyo. Na sami mai fito, wanda shi ma ɗan ajinmu ne, kuma duk ran kasuwa yana kai mutane Hadeja. Na roƙe shi ya biya ta ofis ya karɓo mana. Ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa, ya ce kawu ya riga ni. Kawu ya gaya masa duk ran da jaridar nan ta hau jirginsa, kada ya ƙara zuwa aron taru.

Mako uku aka yi a haka, kuma ban taɓa yin mako uku da suka ƙona mini rai kamarsu ba. In rubuta "akuya ta sha ruwa" a rabin allon da ya rage, in ce kowa ya kwafa. Su sunkuya, su kai rabin akuya, sai wani daga baya ya daka tsalle ya ce, "Tsari!" Shi ke nan fensira sun zube, an koma ƙirga. In ce tsari gida biyar ne, wani ya ce to a ƙara masa wutsiya mana, a fashe da dariya, la'asar ta tafi. Masu noman shinkafa su baro gona da tabo har gwiwa, ba don darasina ba, don su ji ko kawu ya gano. Matan gari ma suka shiga, ana aiko da amsoshi daga cikin gidaje. Wata rana na fusata na goge zanen ƙaf. Washegari mutum biyar suka zo, kawu ba ya ciki. Da hannuna na sake zana shi, ina cije haƙora.

Saura kwana goma mai duba ajujuwa ya zo, Bulama ya ga halin da nake ciki ya ce shi a ganinsa a ba mutumin nan gari a huta. Na ji kamar in rungume shi. Ashe sabon babi ya buɗe. Wani ya ce a ba da Kaugama, sai wanda mahaifiyarsa 'yar can ce ya miƙe ya ce sai dai a bi ta kansa. Aka ce Auyo, mai aure a Auyo ya ce da wane ido zai kalli surukansa. Aka ce Kafin Hausa, masu kai awaki kasuwar can suka yi caa. Babarbaren nan ya ce shi ya sadaukar da wani gari nasu na bakin Chadi, aka ce masa ba mai karɓar garin da bai taɓa jin sunansa ba. Rabi wasa suke, rabi da gaske, ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, ina kallon magidanta goma sha shida suna rabon garuruwan da ba nasu ba, ga mutumin da bai roƙe su ba.

Kawu ya bari suka gaji, sannan ya ce, "Ba a ba da ko ɗaya. Ban mutu ba tukuna." Maganar ta mutu a nan.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ya aika aka kira ni bakin ruwa inda yake ɗinkin taru shi kaɗai. Na lura ya rame. Ya sa na zauna, ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ɗan nan, in mutum yana so ya aika wa mai jaridar nan magana, tana isa?"

"Tana isa, in an sa a gidan waya."

"To akwai abin da za ka rubuta mini. Tsakaninmu."

Na gane abin da yake nufi, kuma maimakon in ji tausayinsa sai duk abin da na haɗiye mako uku ya taso mini. Na ce masa wata biyar ina roƙonsa ya riƙe fensir ya ƙi. Na ce ya cinye mini aji, ya hana a kawo jarida, ya hana Bulama raba gardama, yanzu kuma ni zan zama magatakardansa a ɓoye don kada girmansa ya zube. Na ce wallahi ba zan rubuta ba, in yana da garin bayarwa ya bayar da hannunsa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya dube ni, ya ci gaba da ɗinkinsa. Na tashi na bar shi a nan.

Mai duba ajujuwa ya iso a jirgin fito, takalmansa a hannu, wando a naɗe. Mutum ne mai fara'a, bai zo da niyyar mugunta ba. Ya raba wa kowa takarda ya ce kowa ya rubuta layi guda, duk abin da ya ga dama. Bakwai suka rubuta ba wata wahala. Biyu suka rubuta da gumi da salati, ya duba ya ce ya karɓa. Saura kuwa wani ya tsaya a rabin kalma, wani ya watsa baƙaƙe kamar an zubar da gero. Mutanen da na tabbata da an ba su makon nan uku da sun iya. Ya ƙirga, tara. Ya sake ƙirgawa saboda ni, tara dai. Sai ya juya ga kawu, wanda takardarsa ke gabansa fara fat, hannuwansa cikin riga.

"Baba, kai fa? Ko layi ɗaya ne."

Na kalli kawu, duk roƙon da na iya na zuba a idona.

"Ni rakiya na yo," in ji shi.

Mutumin ya ba ni haƙuri, ya ce doka ba tasa ba ce. Ya ce in zo Hadeja jibi in mayar da littattafai in ji abin da za a yi da ni. Aka ɗauki allon aka sa a jirgi, da zanen a jikinsa, mutanen ajina suna tsaye a bakin ruwa ba mai iya kallona.

Kwana biyun nan in ban da gaisuwa ba abin da ya haɗa ni da kawu. Ran tafiya ya ce wa mai fito ya bari, shi zai kai ni da kansa. Na shiga na zauna a gaba na ba shi baya, littattafai a cinyata. Muka bi ta kan gonakin da ruwa ya rufe, goruba na tsaye a ruwa har wuya, ba abin da ake ji sai ƙarar gwangwalar da yake tura jirgin da ita. Da muka yi nisa, ƙauye ya ɓace, sai na ji jirgin ya tsaya.

"Ɗan nan, ungo."

Na waiga. Ya cire hularsa ya zaro wata takarda da aka ninke har ta zama kamar laya. Shafin baya ne na littafin koyon baƙaƙe. Na warware. Rubutu ne da fensir, manyan baƙaƙe a karkace, wasu sun hau kan wasu, an danna har takardar ta fashe a wuri biyu, ga alamar gogewa ko'ina. Amma ana karantawa sarai. Ya rubuta: kai mai takarda na ba ka garinmu duka har da kogi faɗa mini.

Na karanta sau biyu. Na tambaye shi wa ya rubuta masa.

"Ka ce in bayar da hannuna."

"Yaushe ka gama?"

"Kwana uku ke nan. A cikin jirgi nake yi, can bayan kainuwa inda ba mai gani."

Kwana uku. Wato ran da mai duba ajujuwa ya tsaya a gabansa yana roƙon layi ɗaya, takardar nan tana cikin hularsa. Na miƙe tsaye ban sani ba, jirgi ya yi tangal-tangal, littattafai suka zube a ruwan da ke ƙasan jirgin.

"Zauna, za ka kifar da mu."

"Kawu, mutum ɗaya! Mutum ɗaya ya rage! Da ka ciro ta ka miƙa masa da yanzu allona yana rumfa!"

"In ciro ta a gaban Bulama? A gaban mutanen da na koya wa kamun kifi? In miƙa wa baƙo takardar da na rubuta cewa an kayar da ni, ya karanta da ƙarfi? Tsakanina da mai tambaya ne, ba ruwan kowa."

"To ai da sai ka rubuta wani abu dabam! Ya ce duk abin da ka ga dama!"

Ya mayar da hularsa, ya ɗauki gwangwala. Bai kalle ni ba da ya ba ni amsa.

"Shi kaɗai na iya."

Na zauna. Muka ci gaba da tafiya har muka hango ganuwar Hadeja. Haushi bai bar ni ba, amma na yi ta tsince littattafai ina share su da bakin riga don kada in ɗago. Da zan sauka ya riƙe gefen jirgin ya ce kada in kuskura in buɗe jaridar sai na jefa takardarsa tukuna. Na ce masa amsar ta fi mako uku da fitowa, duk ƙasar nan an karanta an manta. Ya ce wannan matsalar duk ƙasar ce, shi dai a bi masa ƙa'ida.

Na bi masa. Na sa takardar a ambulan, na rubuta adireshin jaridar, na manna kan sarki, na jefa a akwatin gidan waya, ina jin kaina wawa na ƙarshe a garin. Sannan na wuce ɗakin karatu na nemi tsohuwar jaridar. Amsoshin suna can ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. Na bi da yatsa har layi na biyar mai tauraro. Masunci.

Na daɗe zaune a kan bencin ɗakin karatun. Mako uku masunta goma sha shida suna lalube a ruwa, sun kira duk abin da ke iyo da mai rarrafe, ba wanda ya dubi na kusa da shi. Ni ma da nake taƙama da makaranta ban duba ba. Na sami takarda na rubuta kalmar ita kaɗai da manyan baƙaƙe, na ninke, ran kasuwa na ba mai fito na ce ya sa a hannun kawu, kada ya karanta masa.

A ofis aka ce in zauna a Hadeja in riƙa taya wani akawu kwafe takardu kafin a ga yadda za a yi da ni. Kasuwa ta zagayo, mai fito ya neme ni har inda nake. Ya ce kawu ya karɓa, ya shiga jirgi shi kaɗai ya yi nisa, bai dawo ba sai azahar.

"Ya ce in gaya maka da kansa ya karanta. Ya ce mai tambayar ya ci garin da gaskiya, ba ya jayayya." Ya sosa ƙeya. "Ya kuma ce in tambaye ka, Malam, yaushe za a koma aji?"

Ban ba shi amsa ba, don abin da ya zo bakina ba irin wanda ake aika wa kawu da shi ba ne. Ba a sake buɗe aji a ƙauyenmu ba sai bayan rasuwarsa.